Feda da Likkafa: Waiwayen Zamanin Keke a Ƙasar Yawuri

Duk wanda aka ambata wa Yawuri, ruwa ne ke fara faɗo masa a rai: kogin Kwara, tafkin Kainji, jiragen fito, kifi, albasa da bikin Rigata. Haka ne kuwa, ruwa ne ya yi ƙasar. Sai dai kifin da aka kamo ba ya kai kansa kasuwa, buhun albasa ma ba ya tashi daga fadama ya hau titi. Tsakanin bakin ruwa da bakin kwalta akwai tafiya, kuma a zamanin da muka taso keke ne ya ɗauke wa mutane ita. Da shi malamin makaranta ke zuwa aji, da shi malamin asibiti ke zagaya ƙauyuka, da shi mai saro banda ke kai kwandunansa Yelwa. A jikin keken nan babu abin da ke shan wahala kamar feda, babu kuma abin da mai saye ke mantawa ya duba kamarta. A kanta nake so in yi wannan waiwaye.

An haife ni a Birnin Yawuri, garin da sarauta ta zauna a cikinsa kafin ta koma Yelwa a 1888. Na yi wayo a daidai lokacin da ƙasarmu ke sabon zama. An fara aikin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968, ruwa ya taso ya haɗiye tsibirai da tungaye, aka tashi mutane fiye da 40,000 aka ba su sabbin matsugunai. Gungawa da sauran mazauna bakin kogi, waɗanda a da jirgi ke ɗaure a ƙofar gidansu, sai ga shi gona ta yi nisa, kasuwa ta yi nisa, dangi sun warwatsu a tudu. Jaki yana nan, amma jaki ba ya sauri, ɗanyen kifi kuwa ba ya jira. Mota ba ta barin babbar hanyar da ta taso daga Kontagora ta ratsa Yelwa ta nufi Koko da Jega, sai fa ranar kasuwa. Abin da ya rage wa mai ɗan hali shi ne keke.

Keken farko da ya shigo gidanmu na kawuna ne, ƙaramin ma'aikacin gwamnati, wanda ya saye shi da kuɗin Udoji da aka biya a 1975. Raleigh ne baƙi, mai tambarin zalɓe a goshi, kacarsa a rufe, birkinsa na sandar ƙarfe, fitilarsa mai dainamo. A wancan zamani kamfanin, wanda asalinsa birnin Nottingham ne na Ingila, yana haɗa kekuna a Bompai cikin Kano, saboda haka kayan gyaransa ba su wahalar samu. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa. Fedar waɗannan kekuna duk ƙira ɗaya ce: sandar ƙarfe a tsakiya, dunƙulen baƙar roba biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, 'yan farantan ƙarfe sun riƙe su ta gefe da gefe. An yi ta ne don mai silifa da mai fade da wanda ba shi da takalmi ma, kuma ta yi aikin da aka yi ta dominsa.

Mu yara ba a ba mu keken manya. Wurin masu haya muke zuwa da 'yan kwabbanmu, a ba mu wanda ya riga ya ga duniya. Da yake ƙafa ba ta kaiwa daga kan sirdi, sai mu zura ta ƙarƙashin sandar keken, mu rataye a gefe muna tuƙi a karkace. Kusan duk kekunan haya robar fedarsu ta daɗe da zubewa, sai sandar tsakiya kaɗai, ta sha gugar ƙafafu har tana ƙyalli. Wanda ya taka wannan sanda da tsirarar ƙafa da rana tsaka ya san zafinta. Wanda kuma ta zame masa lokacin da ya miƙe zai hau tudu ya san yadda take sarar ƙwauri. Har yau cikin sa'o'ina akwai masu ɗauke da tabonta. Tun daga nan muka gane cewa komai kyan keke, maganar tana inda ƙafa ke sauka.

Akwai wani dattijo mai gyaran keke da ke zama gindin darbejiya kusa da tasha. Baba muke ce masa, Allah Ya jiƙansa da rahama. Kayan aikinsa ba su wuce akwatin katako ɗaya ba: sifanoni, guduma, famfo, kwanon ruwa na neman huji, kayan faci, gwangwanin giris da na kananzir. A wurinsa nake wuni ranar da babu makaranta, ina miƙa sifana, ina wanke boris. Shi ya fara buɗe mini cikin feda. Sai ya ɓalle ɗan murfin da ke bakinta na waje, ya kwance ƙaramin noti, ya zare zoben da ke bayansa, ya kwance wani ƙarfe mai tsinin baki da ke danne 'ya'yan boris, sa'an nan ya karkata fedar a kan tsumma, 'ya'yan su zubo. Layi biyu ne, ɗaya ta gefen keke, ɗaya ta waje, kowanne yana kwance a cikin ɗan kofinsa na ƙarfe.

"Ɗan nan, matso ka gani," in ji shi. "Duk nauyin mutum da na kayansa a kan waɗannan 'yan ƙananan yake sauka. In sun sami giris, su kai ka Sakkwato. In sun sami yashi, ko Yelwa ba za su kai ka ba."

Gwaji uku yake yi wa kowace feda kafin ya yarda a saya. Na farko, ya riƙe ta a hannu ya juya sandar da yatsu biyu. Ta ƙwarai tana juyawa da laushi da ɗan nauyin giris, babu gurza, babu tsayawa. Wadda ke ta wulwulawa ba ta tsayawa, yara su yi ta yabonta, shi cewa yake a bushe take. Na biyu, ya girgiza sandar gefe da gefe, in ya ji tana ƙwas-ƙwas ya san ɗauri ya saki ko kofi ya cinye. Na uku, kuma shi ne babba a wurinsa, ya dubi bakin fedar ya ga ko murfin yana buɗuwa, ko akwai noti a ƙarƙashinsa. Akwai irin da masana'anta ke daddaƙe bakin sandarta don sauƙin kuɗi, ba ta kwantuwa har abada. Irin wannan ko kyauta ba ya karɓa. Yakan ce wa mai ita, "Malam, abin da ba ya buɗuwa ba ya gyaruwa. Abin da ba ya gyaruwa kuwa, hayarsa ka ɗauka, kana ganin kamar ka saya."

A farkon shekarun 1980 aka turo wani ɗan bautar ƙasa daga kudu ya koyar a yankinmu. Shirin yi wa ƙasa hidima, wanda aka kafa a 1973, ya kawo mana baƙi iri-iri, amma wannan da kekensa aka san shi. Siririyar taya, kai a lanƙwashe ƙasa, giya a baya, babu kariya, babu madigadi. Abin da ya fi jan idon mutane shi ne fedarsa. Babu roba ko kaɗan, sai firam na ƙarfe mai haƙora, a gabansa an ɗaura wani siririn ƙarfe da ya lanƙwaso ya rufe yatsun ƙafa, ga maɗaurin fata ya zagaye takalmi. Ranar da ya kawo keken gyara saboda feda ɗaya tana ƙara, Baba ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Ai wannan likkafa ce." Ya yi gaskiya. Yadda mahayin doki ke zura ƙafa a likkafa don ya zauna daram ya kuma sami inda zai dogara in zai miƙe, haka ɗan tsere ke zura tasa a wannan ƙarfe. Da aka buɗe fedar, sai ga abin da muka saba gani a cikin ta kawuna: noti, zobe, mai tsinin baki, boris layi biyu, illa dai aikin ya fi tsabta, ƙarfen ya fi tauri. Baba ya wanke, ya cika giris, ya ɗaure, ƙara ta ɗauke. Ya yi murna ƙwarai a ranar, domin ya ga ashe manyan masu ƙira na duniya ma a kan ƙa'idarsa suke.

Malamin nan ya bar mu mu gwada keken a filin makaranta, maɗaurin a sake. A nan na fara jin abin da likkafa ke yi. Mutane kan ɗauka amfaninta shi ne a riƙa jan feda sama, kuma lallai tana taimakawa da hakan a kan tudu ko lokacin da za a fizgi keke daga tsaye. Amma babban aikinta shi ne ajiye ƙafa a wuri ɗaya. Gindin babban yatsa yana zama daidai saman sandar feda, inda ƙarfin taku ya fi tafiya ga kaca. Ƙafa ba ta zamewa in takalmi ya jiƙe, ba ta tsalle in an faɗa gargada, kuma mutum yana iya juya feda da sauri ba tare da fargaba ba. A doguwar tafiya, wannan kwanciyar hankali ita ce ke rage gajiya.

Da na girma na riƙa bin labarin tseren keke, na tarar ashe likkafar nan tsohuwa ce. Tun shekarun 1890 'yan tsere ke amfani da ita, kuma a kanta suka dogara har tsakiyar shekarun 1980. Sunan da aka fi gani a jikin ƙarfen shi ne Christophe, sunan Eugène Christophe, Bafaranshen da ya fara sanya rigar nan ruwan ɗorawa ta jagoran gasar Tour de France a 1919. A jikin maɗaurin fata kuma akan ga sunan Alfredo Binda, gwarzon Italiya da ya ci gasar Giro d'Italia sau 5. A 1984 kamfanin Look na Faransa ya fito da wata sabuwar feda mai cafke takalmi ta ƙasa, ba ƙarfen yatsu, ba maɗauri. Bernard Hinault ya ci Tour de France ta 1985 da ita, sauran 'yan tsere suka bi, Shimano na Japan ya kawo tasa mai suna SPD a 1990. Sabuwar tana buƙatar takalmi na musamman, abin da malamin ƙauye ba zai shiga aji da shi ba. Tsohuwar kuwa kowane rufaffen takalmi tana karɓa, shi ya sa ba ta mutu ba. Har yau 'yan tseren keirin na Japan da likkafa da maɗauri suke hawa, kuma kamfanin MKS na can bai daina ƙera fedarsa mai suna Sylvan ba, wadda ake buɗewa a yi mata giris kamar yadda Baba ke so.

Wannan canji na Turai ya taɓa mu ta hanyar da ba mu zata ba. Da aka shigo da tsarin SAP a 1986 zamanin Janar Ibrahim Babangida, darajar naira ta faɗi, sabon keke ya gagari ƙaramin ma'aikaci. A daidai lokacin kuma Turawa suna ajiye tsofaffin kekunansu na tsere, waɗanda suka riƙa biyo kayan gwanjo ta Kwatano suna isowa kasuwannin Arewa. A 1991, shekarar da aka fitar da Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Ngaski, na sayi nawa: tsohon keken tsere ƙirar Faransa, jikinsa garau, amma sandar fedar dama ta ɗan lanƙwashe, likkafa ɗaya ta karye, maɗauran sun bushe sun tsattsage. Gyaran wannan keke ne ya koya mini sauran abin da na sani.

Darasi na farko shi ne ba kowace feda ke ɗaukar likkafa ba. Mai dunƙulen roba irin ta Raleigh da Phoenix ba ta da inda za a ɗaura ta. Ana neman mai firam na ƙarfe ko na alminiyom, wadda ke da huji biyu a farantinta na gaba inda kusoshin likkafa za su shiga, da tsaga a gefe da gefe inda maɗauri zai ratsa. A farantin baya kuma a nemi wani ɗan harshe da ya fito. Nauyin likkafa kan sa feda ta kife idan babu ƙafa a kai, to da wannan harshen ake taɓo ta da bakin takalmi ta juyo, a zura ƙafa. Fedar da ba ta da shi tana sa mutum ya yi ta kallon ƙasa a kan titi, alhali motar Kontagora na tafe. Haka nan firam ɗin da aka ɗaure da kusoshi ya fi wanda aka dasa dindindin, domin in ya cinye ko ya lotsa ana cire shi a miƙe ko a sake wani. Faɗi ma abin dubawa ne. Fedar 'yan tsere tana da wani ɗan ƙaho a bakinta na waje mai tare takalmi, kuma mai faffaɗar ƙafa yakan ji yana sukarsa. Irinmu da muka taso muna yawo ba takalmi, mai faɗi wadda ba ta da ƙahon ta fi mana.

Darasi na biyu shi ne na zaren ɗauri. Fedar dama tana ɗauruwa yadda kowane noti ke ɗauruwa, ta hagu kuwa zarenta a juye yake. Dalili shi ne nauyin ƙafa yana sa sandar ta riƙa mirginawa a hankali cikin raminta yayin tuƙi, kuma da an yi wa ta hagu zare irin na dama, da tafiya kaɗai ta kwance ta. Shi ya sa ake buga harafi a gindin kowace sanda, R a ta dama, L a ta hagu. A kayan Faransa kuwa D ce dama, G ce hagu. Baba ya ba mu ƙa'ida mai sauƙi: in hannun sifana yana sama, tura shi wajen tayar gaba ɗauri ne, jawo shi wajen tayar baya kwancewa ne, ko ta wane gefe kake. Sifana mai lamba 15 ce ke kama yawancinsu. Kauri ma ya bambanta. Mafi yawan kekunan manya 9/16 na inci suke ɗauka, kekunan yara da wasu ƙirar Amurka rabin inci, tsofaffin ƙirar Faransa kuwa milimita 14, wanda ya ɗan fi na farkon siranta. Da muka kawo sabuwar feda daga kasuwa ta ƙi shiga nawa, wani yaron shago ya ɗauko dogon bututu zai sa wa sifana ya matsa da ƙarfi. Baba ya riƙe hannunsa. "Kai yaro, tsaya. Ƙarfen da ya ƙi shiga da yatsu, magana yake yi maka." Da an matsa, da zaren hannun fedar ya tafi, kuma shi ya fi fedar tsada. Sai da muka samo wasu daga jikin wani mataccen keke ƙirar Faransa a Kontagora, Baba ya shafa wa zaren giris, suka shige da yatsu kafin sifana ta taɓa su.

Darasi na uku na likkafar ce kanta. Tana da girma-girma gwargwadon tsawon takalmi. Gajera tana tura ƙafa baya har mutum ya koma taku da yatsu, doguwa kuma tana barin ƙafa ta zarce gaba, wani lokaci har bakin takalmi ya taɓa tayar gaba a kwana. Ta ƙarfe mai tsalle ta fi ta roba daɗewa a ƙasarmu, domin rana tana busar da roba ta karye, ƙarfe kuwa in ya lotsa ana miƙe shi da filaya. Maɗauri bai ba mu wuya ba ko kaɗan. Mun kai wa wani baduku tsohon, ya cire ƙarfen bakinsa, ya yanko fatar sa mai kauri daidai faɗin na asali, ya ɗinke. Nasa ya fi na kanti daɗewa, muddin ana ɗan shafa masa mai kada ya bushe. Wajen zura shi akan murɗa shi sau ɗaya a ƙarƙashin feda don kada ya riƙa zamewa, ƙarfen ɗaurin kuma ya kasance ta waje, inda hannu zai kai gare shi da sauri. Takalmi kuwa sai rufaffe, kambas ko sau-ciki mai ɗan taurin tafi. Silifa da fade ba su da wuri a nan, domin yatsu ne za su ci karo da ƙarfe.

Ya kamata in faɗi gaskiya ɗaya wadda masu sha'awar abin ba su cika faɗa ba: likkafa tana da wurinta. A kan kwalta, daga Birnin Yawuri zuwa Yelwa, ko daga Yelwa a miƙe hanyar ƙasar Shanga da Koko, ni'ima ce. Da zarar an sauka titi an shiga hanyar tunga, inda rairayi ke kama taya ba sallama, ƙafa tana bukatar ta kai ƙasa nan take. Haka a cikin kasuwa, tsakanin awaki da amalanke da yara. Na ga abokin aikina ya faɗi a gefe ɗaya da kekensa a bakin mashigi, don ya matse maɗauri bai kuma sassauta ba kafin ya tsaya, ya yi makonni yana jinyar kafaɗa. Mai ɗauko kwandunan tarwaɗa da ƙarfasa daga bakin tafki, ko mai buhun albasa a kariya, ba ruwansa da likkafa, fedarsa mai roba ita ce daidai da shi. Wanda zai yi amfani da ita ya fara koyo a fili, maɗauri a sake, ya saba zare ƙafa ta baya har abin ya zame masa jiki. Ni kaina a sake nake barin nawa, sai in hanya ta miƙe babu kowa nake ɗan ja.

Abin da ke kashe feda a ƙasarmu ruwa ne da ƙura. Kwara tana kawo ruwa sau biyu a shekara: farin ruwa mai laka na damunarmu, da baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe a fadamun Mali, ya iso mana da sanyin hunturu. Idan tafki ya ja baya da bazara kuma sai ya bar taɓo a hanyoyin bakin gaɓa. Mutane da yawa sukan tura keke cikin ruwa su wanke shi har feda ta nutse, suna ganin gata suka yi masa. Ruwan yana shiga ta gindin sanda, ya wanke giris, ya bar laka, tsatsa ta kama boris. Hunturu kuma ya zo da ƙurarsa ta shige ta inda murfi ya faɗi. Saboda haka Baba yake cewa a buɗe feda bayan damuna, a sake buɗe ta bayan hunturu. A ƙirga 'ya'yan boris na kowane gefe kafin a wanke, a sake duk wanda ya yi tabo da irin girmansa, a cika giris, kada a zuba baƙin mai domin tsiyayewa yake yi. Wajen ɗauri a matsa mai tsinin baki har ya zauna, a ɗan dawo da shi baya kaɗan, sa'an nan a kulle da noti. In murfi ya ɓace a toshe bakin da ko guntun roba ne. Fedar da na samo a Kontagora, da wannan kulawa kaɗai, ta kai ni har ƙarshen aikina na koyarwa.

Daga baya babur ya yi araha, Jincheng da Bajaj suka cika hanyoyi, matasa suka koma kabu-kabu, aka jingine kekuna a zaure. Masu gyara suka ragu, waɗanda suka rage kuma da yawansu faci da canza kaya kawai suka iya. Kasuwa ta cika da fedar roba mai sheƙi wadda ba ta buɗuwa, wadda in ta fara ƙara sai jefarwa. Na ga irinta ta tsage a ƙarƙashin ƙafar wani magidanci yana ɗauke da kaya, Allah ne kaɗai Ya kiyaye. Araha ba ta ado, Hausawa suka ce, a nan kuwa har lafiya takan ci. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, na ga ana kakkaɓe tsofaffin kekuna, ɗalibai da ƙananan ma'aikata suna komawa gare su, kekunan gwanjo masu giya suna sake samun kasuwa. Abin ya faranta mini rai, ya kuma sa ni tunanin wa zai koya wa waɗannan yara abin da aka koya mana a gindin darbejiya.

Don haka nake roƙon masu gyaran keke na Yelwa da Wara da Birnin Yawuri da Shanga, waɗanda suka gaji aikin daga manya, su riƙa buɗe feda a gaban yaransu su nuna musu cikinta, kada sana'ar ta tsaya a faci. Badukanmu su sani akwai ciniki a maɗaurin likkafa, kuma fatarmu ta isa. Kai kuma mai shirin sayen keke, ko don kanka ko don ɗanka mai zuwa makaranta, kada fenti da ƙararrawa su ɗauke maka hankali. Durƙusa ka juya fedar da yatsunka, ka girgiza ta, ka nemi murfinta. In likkafa kake so, duba hujin gaba da tsagar maɗauri da harshen baya, ka kuma tabbata hanyarka ta kwalta ce. Idan fedar tana buɗuwa, biya kuɗinka da kwanciyar hankali. Idan ba ta buɗuwa, cire kuɗin wata a cikin cinikin tun kafin ka bar wurin.